Ina Shanuna

Juma'a, 23 ga Satumba 1966, bayan la'asar

Malama Rahmatu ta ce hannun da ya daina rubutu mantawa yake yi, shi ya sa ta bar mini wannan littafi ranar da muka gama aji bakwai a Kurfi. Tun da aka kawo ni Dutsin-Ma wurin Gogo yana cikin akwati. Yau na ɗauko shi, don ina da abin faɗi kuma baki ba ya yi mini.

Jiya su Yaya Sodangi sun cinye 'yan Malumfashi. Yaya yana kwalejin horon malamai ta bayan gari, shi ne shugaban 'yan ƙwallon kwando. Da hannu ake yin ta, mutum biyar-biyar, a jefa cikin wani zoben ƙarfe da aka kafa a jikin allo can sama. Ragar da ke lilo a zoben ni na saƙa ta da rama. Gogo ta ce ita ba ta ga hankali ba a ce ƙarti su wuni suna zuba abu a kwandon da ba shi da gindi.

Kowa cewa yake bana kofin lardi namu ne. Malam Ɗanmusa, malamin wasanni, har ya sa kafinta ya buga kanta a ɗakin taro inda za a ajiye shi.

Yau bayan masallaci Yaya ya zo cin tuwo tare da Gidiyon, kamar kowace Juma'a. Gidiyon ɗan ƙabilar Tibi ne daga can Binuwai, ajinsu ɗaya. Yaya dogo, shi gajere. Yaya ke cafke ƙwallo a sama ya miƙa, Gidiyon ke jefawa, kuma da wuya ya kuskure. Tun daga zaure Yaya ya fara.

"Gogo, ɓoye akuyarki, na zo da ɓarawo."

"Ina wuni, Gogo," in ji Gidiyon. "Kada ki kula bawan nan nawa, yunwa ce."

"Ina shanuna, ɓarawo?"

Gidiyon ya shafa ciki. "Mun ci."

Mu Fulani ne ta wajen Baffa mahaifinmu, ko da yake shanun da suka rage mana a Kurfi ba su cika garke ba. An ce a zamanin da wani Bafillace ya ba Tibi ajiyar shanu, da ya dawo ya tambaya suka ce mun ci. Tun daga nan wasa ya shiga tsakaninmu da su, kuma ba a fushi. A filin ƙwallo ma haka suke yi. In Yaya zai miƙa sai ya ɗaga murya, ina shanuna, Gidiyon ya jefa, in ta shiga duk 'yan kwaleji su amsa mun ci. 'Yan Malumfashi sun ɗauka wani asiri ne.

Gidiyon ya dube ni ya ce, "Saudatu, kai ne ka dama furan nan?" Har yau bai raba ke da kai ba. Na shige ɗaki. Ban taɓa amsa masa magana ba, kai kawai nake ɗagawa.

Alhamis, 29 ga Satumba, da hantsi

Na fara wata sabuwar raga. Ta gabas ta tsinke don yawan shigar ƙwallo, in ji Yaya. Yana faɗa yana alfahari.

Lahadi, 2 ga Oktoba, bayan azahar

Shagunan 'yan kudu na bakin tasha duk a rufe. Mai gyaran agogo ya tafi da iyalinsa, ya bar tukunyar fulawarsa a ƙofa. Maza na taruwa gindin rediyo, in mace ta zo wucewa sai su yi shiru. Na tambayi Gogo me ake ciki, ta ce, "Abin manya ne. Ke dai kada ki wuce rijiya."

Talata, 4 ga Oktoba, da yamma

Gobe kasuwa. Ni zan ɗaukar wa Gogo ƙwaryar man shanu. Yaya ya aiko cewa su ma za su shigo sayen takalman roba don wasan Funtuwa.

Laraba, 5 ga Oktoba, da magariba

Ba zan rubuta yau ba.

Alhamis, 6 ga Oktoba, da safe

Ƙwaryar Gogo ta fashe jiya, man duk ya bi ƙasa. Ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi da na fi jin daɗi.

Juma'a, 7 ga Oktoba, bayan la'asar

Gogo ta kwashe malmala biyu ta rufe da faifai kamar kullum. Ba wanda ya zo. Da yamma ta ba akuya.

Asabar, 8 ga Oktoba, da azahar

Gogo ta aike ni da kunun tsamiya gidan Malam Simeon, mai ba da magani a asibitin sha-ka-tafi. Can aka kai Gidiyon. Dina matar Malam Simeon ce ta karɓe ni, ta ce shiga mana, ai ba baƙuwa ba ce.

Yana kwance a kan tabarma. Hannun dama an ɗaure shi tsakanin karare, tun daga yatsu har gwiwa. Ido ɗaya ba ya buɗuwa. Na tsaya bakin ƙofa ina kallon ƙafafuna.

"Saudatu, ka zo," ya ce. "Ka gaida Gogo."

Bai tambayi Yaya ba. Na jira ko zai tambaya. Bai tambaya ba.

Da Dina ta rako ni ta ce mai ɗori ya zo daga Kuki, ya ce ƙashi ya karye wuri biyu. Ta ce da zarar an kwance karan, gida zai tafi, mahaifiyarsa ta aiko a mai da shi, kuma ba ta tsammanin zai dawo. Sai ta rage murya. "Yayanki fa? Tun ranar da ya goyo shi ya ajiye a nan, bai ƙara taka gidan nan ba."

Na dawo ina tunanin wannan. Ni abin da nake so ɗaya ne, Yaya ya je kafin ya tafi.

Litinin, 10 ga Oktoba, da hantsi

A kwaleji an ce wa ɗalibai Gidiyon daga keke ya faɗo. An ce duk wanda ya faɗi wani abu daban zai bar makaranta, don lokacin ba na tsokana ba ne.

Gidiyon ba shi da keke.

Talata, 11 ga Oktoba, bayan azahar

Gogo ta tafi barka, ni kaɗai ce a gida. Bari in rubuta abin ran Laraba ko zai bar kaina.

Muna zaune a layin masu man shanu, kusa da kara inda ake sayar da dabbobi. Kasuwa ta cika, amma ba irin cikar da na sani ba, mutane sai waige-waige suke. Na hango Gidiyon shi kaɗai tsaye jikin wani farin bijimi, ya ɗora hannu a tozonsa yana shafawa. Yana son shanu ƙwarai, kullum sai ya tsaya kallonsu. Sai ga Yaya ya ɓullo ta layin masu takalma, ya hango shi daga nesa.

Kalmar da ya saba faɗi ce. A gabana ya faɗe ta ba iyaka, a zaure, a hanya, a bakin fili. Ya haɗa hannu biyu a baki ya kira shi da ita, ya ƙara da ku tare mini shi.

Yana dariya lokacin da ya faɗa. Ina so in rubuta wannan don kada wata rana in manta. Yana dariya.

Mutanen da ke wajen ba 'yan gari ba ne, daga ƙauyuka suka kawo dabbobi, kowa da sandarsa. Ba su san Yaya ba, ba su san Gidiyon ba. Sun ga yaro da gajeren wando da irin askin da ba namu ba, hannunsa a kan bijimi.

Na miƙe, ƙwarya ta faɗi. Na san wasa ne. Na buɗe baki, ba abin da ya fito.

Yaya ya yar da takalma ya ruga yana cewa wasa ne, abokin wasana ne, ba wanda ya ji shi. Ya faɗa a kansa ya rufe shi da jikinsa. Wani tsohon Bafillace mai malfa ne ya ratsa ya ɗaga sanda sama. Ya duƙa ya tambayi Gidiyon, kai ɗan ina ne. Da ya ji, sai ya juyo ya ce musu, "Kun ji kunya. Wannan ai namu ne. In ba mu kira shi ɓarawo ba wa za mu kira?"

Kafin a ce haka kowa ya watse, kamar ba su ba.

Na rubuta. Bai bar kaina ba.

Laraba, 12 ga Oktoba, da safe

Gogo ta tafi kasuwa ita kaɗai. Na ce cikina ke ciwo.

Juma'a, 14 ga Oktoba, bayan la'asar

Yaya ya zo. Ya zauna a gefen tabarma bai jingina da bango ba, na gane bayansa bai warke ba. Ya ci loma kaɗan ya wanke hannu.

Gogo ta ce, "Ka je?"

Ya ci gaba da goge hannu a riga.

"Sodangi, da kai nike. Kunya ba ta ɗora ƙashi."

"Na je har ƙofa, Gogo. Na juyo."

"Don mi?"

"In na shiga mi zan ce mashi? Tun da muka haɗu ban taɓa gaishe shi gaisuwar mutane ba. In na ce sannu, ka yi haƙuri, na zama baƙo. In kuwa na yi wasa, da wane baki?"

Gogo ta ce, "Da wanda ka ci tuwo yanzu."

Bai yi dariya ba. Ya tashi ya ce gobe suna da wasa.

Asabar, 15 ga Oktoba, da magariba

'Yan Funtuwa sun zo sun ci mu a filinmu.

Na tsaya bayan darbejiya tare da yara mata, inda nake tsayawa kullum. An sa Ɗanjuma a gurbin Gidiyon. Ɗanjuma ba laifi, yana da gudu. Amma shi bai san lokacin da ƙwallo za ta zo ba, don Yaya ba ya kira. Zai yi tsalle ya cafke ta sama da kowa kamar da, ya sauko, ya buɗe baki, sai ya tsaya. Yana riƙe da ita har su kewaye shi su ƙwace. Malam Ɗanmusa na bakin fili yana cewa miƙa mana, Sodangi, miƙa.

Da Ɗanjuma ya samu ya jefa ta shiga, wasu 'yan aji ɗaya suka fara mun ci. Manyan suka juya suka dube su. Suka haɗiye sauran.

Sabuwar ragata tana nan fes. Ba ta sha wahala ba.

Lahadi, 16 ga Oktoba, da hantsi

Kowa da abin da ya ce ya jawo. Jibo mai shayi ya ce alƙalin wasa surukin 'yan Funtuwa ne. Mairo maƙwabciyarmu ta ce wa Gogo ai kantar nan ce, wa ya taɓa raɗa wa jinjiri suna tun yana ciki. Malam Ɗanmusa ya ce rashin motsa jiki ne, ya ƙara musu gudu da asuba.

Ba wanda ya ce Laraba.

Talata, 18 ga Oktoba, bayan azahar

Na kai fura. Idon ya buɗe. Yana zaune a tsakar gida yana koyon rubutu da hagu a ƙasa, da tsinke. Baƙaƙen kamar sawun kaji.

Ya ce, "An ci ku, ko?" Sai ya gyara. "An ci mu."

Na ɗaga kai.

"Ɗanjuma yana tsayawa nesa da allo da yawa. Ka gaya wa Malam."

Dina na tsintar shinkafa a faifai. Ta ce, "Kai da ko cokali ba ka iya riƙewa kake koyar da ƙwallo."

Ya yi ɗan murmushi. Sai ya goge rubutun da ƙafa ya ce, ba ni yake kallo ba, "An ce yana zuwa ƙofa yana komawa. In haƙuri zai kawo mini, ya zauna abinsa. Ban taɓa jin Bafillace ya ba Tibi haƙuri ba. Kakana zai tashi daga kabari ya yi dariya. Ya zo ya tambayi shanunsa kamar namiji."

Na riƙe maganar a baki har gida kamar mai ɗauke da ruwa a tafi. Na gaya wa Gogo duka.

Laraba, 19 ga Oktoba, da yamma

Ba ruwa kuma. Damina ta ɗauke. Ana ta cirar gyaɗa.

Juma'a, 21 ga Oktoba, bayan la'asar

Gogo ta faɗa wa Yaya saƙon, ba ta rage ko kalma ba.

Yaya ya daɗe yana juya ludayi a cikin ƙwarya. Ya ce, "Shi mai sauƙi ne a gare shi. Shi aka yi wa."

"Au, shi ne mai sauƙi?"

"Ba haka nike nufi ba." Ya ajiye ludayin. "Gogo, ko ni kaɗai a ɗaki na gwada. In na zo kan kalmar sai in ji ƙarar sandunan. Bakin nan ba ya ƙara faɗinta."

Gogo ta ce, "To ka je ka zauna gabanshi ka yi shiru. Shiru ma ai zuwa ne."

Ya ce zai duba. Na san wannan zan duba ɗin, irin na Baffa ne.

Da zai fita ya tsaya kusa da ni ya ce, "Ke kin gani, ko?" Na ɗaga kai. Ya ce, "Dariya nike yi, ko?" Na ɗaga kai. Na so in ce masa na rubuta ma. Ya fita.

Asabar, 22 ga Oktoba, da magariba

Sun je Daura sun ci da ƙyar. Ba wanda ya tarye su da kiɗa. An ce in suka ci Katsina mako mai zuwa har yanzu akwai hanya, in aka ci su shi ke nan.

Litinin, 24 ga Oktoba, da safe

Na yi mafarkin bijimin nan. Shi bai yi komai ba, yana ta tuƙa.

Alhamis, 27 ga Oktoba, bayan azahar

An kwance kara. Ina wajen.

Hannun ya rame, ya yi fari kamar ba nasa ba, kuma ya ɗan karkace a wuyan hannu. Mai ɗori ya ce ya dunƙule. Yatsu uku suka bi, biyu suka ƙi. Ya murza da man shanu ya ce alli dai zai riƙe in Allah ya so.

Gidiyon ya ce, "Ƙwallo fa, Baba?"

Tsohon ya ci gaba da murzawa. Ya ce, "Ai malami za ka zama, ɗana."

Malam Simeon ya ce akwai motar gyaɗa ran Laraba da za ta kai shi Funtuwa, daga nan ya hau jirgin ƙasa. Direban mutuminsa ne, zai zaunar da shi a gaba.

Laraba kuma.

Juma'a, 28 ga Oktoba, bayan la'asar

Yaya bai zo ba, sun tafi Katsina tun da safe. Gogo ta kwashe malmala biyu. Na ce mata ai ba mai zuwa. Ta ce hannu ne ya saba.

Lahadi, 30 ga Oktoba, da hantsi

An ci su. Ba kaɗan ba.

Ɗanjuma ne ya biyo ya gaya wa Gogo, don Yaya bai dawo da su ba. Ya ce a farko sun riƙe wuta. Can wajen ƙarshe Yaya ya cafke wata ƙwallo, Ɗanjuma na ƙarƙashin allo ba kowa kusa da shi. Yaya ya juya ya jefa ta ɓangaren hagu, inda Gidiyon ya saba tsayawa. Ba kowa a wurin. Ta fita waje ta bugi kujerar manyan baƙi. 'Yan kallo suka yi ta dariya. Daga nan ya ce wa Malam a cire shi.

A hanyar dawowa ya sauka a Kurfi, ya ce Baffa na neman hannu wajen gyaɗa.

Gogo ta ce, "Ka gaya mashi yaron nan Laraba za shi?"

Ɗanjuma ya ce, "Ya sani, Gogo."

Litinin, 31 ga Oktoba, da yamma

An ce an ɗora tukunyar fulawa a kan kantar kofi, don kada a gan ta wayam. Malam Ɗanmusa ya tara ɗalibai ya ce bana an yi rashin sa'a, ga faɗuwar keke ga gajiya, baɗi za a gyara.

Kurfi ba nisa. Mai keke in ya fito da asuba, kafin hantsi ya iso.

Talata, 1 ga Nuwamba, bayan azahar

Duk motsin da na ji a zaure sai in leƙa. Akuya ce.

Laraba, 2 ga Nuwamba, bayan la'asar

Mun je tasha ni da Gogo da hantsi. Ta ƙulla masa dakuwa da ɗan man shanu a gwangwani don hannun. Dina da Malam Simeon na wajen. Ɗanjuma ma ya zo da mutum biyu daga cikin 'yan ƙwallo, suka gaisa suka tsaya gefe, ba su san abin da za su yi da hannuwansu ba.

Gidiyon ya hau gaban mota, akwatinsa a cinya. Yana amsa wa kowa, amma idonsa na kan hanyar Kurfi. Ni ma can nake kallo. Masu jakuna na ta shigowa kasuwa, da mata da ƙwarya. Wani dogo ya ɓullo a kan keke, na ɗauka Yaya ne. Da ya matso na ga mai gemu ne.

Direba ya gama shan shayi. Yaron mota ya ɗauko ƙarfen tayar da inji.

Gogo ta ce, "Allah ya kiyaye hanya, ɗana. Ka yafe mana."

Ya ce, "Ba komai, Gogo." Irin ba komai ɗin da ake ce wa baƙi.

Ban san lokacin da na matsa jikin ƙofar motar ba. Ƙarfen da zafi. Kasuwa ga ta nan bayana, ina jin kukan shanu daga kara. Na ce a raina in ban faɗa ba, ba mai faɗa, haka zai tafi da ita har Binuwai.

Na ce, "Ina shanunmu?"

Muryar ƙarama ce, na ɗauka injin ya cinye ta. Ya sunkuyo ya dube ni kamar bango ne ya yi magana.

"Saudatu, ashe kana da baki."

Na ce, "Ina shanunmu?" Ɗaya kalmar ban iya ba.

Ya daɗe yana kallona. Sai ya ɗaga hannun nan mai ciwo a hankali ya ɗora a ciki, ya shafa da yatsu ukun da ke motsi.

"Mun ci," ya ce. "Ka gaya wa bawana mun ci. Har fata."

Motar ta tashi. Dina ta kama kafaɗata. Da muka iso gida Gogo ta ce jibi za ki Kurfi.

Juma'a, 4 ga Nuwamba, Kurfi, bayan la'asar

Na iso da hantsi. Inna ta ce na rame. Baffa ya ce kwana biyu ke nan yana korar Yaya ya koma makaranta, ya ƙi.

Na same shi a gona, gindin ƙirya, yana tsinkar gyaɗa shi kaɗai. Ya ce me ya kawo ki. Na zauna na ja tari ɗaya na fara tsinka.

Ya ce, "Ya tafi?"

Na ce e.

Ya ci gaba da tsinka. Can ya ce, "Na fito ran Laraba. Na kai har Rawayau, na juyo."

Sai na faɗa masa abin da na yi a tasha, da abin da aka ce in gaya masa. Ban taɓa yin magana mai tsawo haka da Yaya ba. Na faɗi har da bawana.

Bai ɗago ba. Hannunsa ya tsaya a cikin ganyen.

"Ke kika tambaye shi?"

"Ni."

"A tasha. Gaban mutane."

"E."

Ya ɗauki wata gyaɗa ya fasa, bai ci ba, ya riƙe a tafi. Shanun Baffa na kiwo a gefen gona, ya daɗe yana kallonsu.

"Da wane hannu ya shafa cikin?"

Na ce da na dama.

Ya rufe fuska da gwiwar hannu. Na ci gaba da tsinka don kada ya ga ina kallo. Har inuwa ta matsa daga kanmu bai motsa ba.

Asabar, 5 ga Nuwamba, Kurfi, da hantsi

Yaya zai koma makaranta yau. Ya ce ƙwallo kam ya bari. Ya ce in na koma in kwance ragata daga zoben, kada rana ta cinye ta a banza.

Na raka shi bakin hanya, yana tura keken Baffa. Da zai hau sai ya tsaya, ƙafa ɗaya a ƙasa.

"Har fata ya ce?"

Na ce har fata.

Ya dubi hanya, gaba da baya. Ba kowa sai mu, da wata tsohuwa can nesa da itace a ka.

"Ɓarawo," ya ce.

A hankali ya faɗa. Ni ma da ke kusa da shi da ƙyar na ji.